Gwajin ƙwaya a kurket: mai maguɗi ake kamawa ko mai mura?

Musun nan a teburin mai shayi ya faro, can Unguwar Sarki a Kaduna, kuma ni na jawo shi da bakina. Ina latsa waya na ci karo da labarin Kagiso Rabada, ɗan Afirka ta Kudun nan mai jifa kamar an harba bindiga, wanda ana tsakiyar IPL ta 2025, babbar gasar kurket ta ƙungiyoyi a Indiya, ya tattara ya koma gida, da farko aka ce wai uzuri ne ya taso masa, daga baya shi da kansa ya fito ya ce dakatar da shi aka yi don an ga abin maye a gwajinsa. Wata ɗaya ya yi ya dawo fili. Ina karantawa a fili sai wani abokina, wanda da ƙuruciya ɗan gudu ne har yanzu yana tutiya da hakan duk da tumbin da ya ajiye, ya dire kofi ya ce, kai dan Allah rabu da mu, kurket ɗin? Wasan da ana cikin yi ake tsayawa a je a sha shayi? Wace ƙwaya mutum zai sha don ya tsaya a rana yana jiran ƙwallo ta zo? Mai shayin ma sai da ya dara, ya ce in dai akwai hutun shayi a ciki ai wasan nasu ne.

Ni ba ɗan kurket ba ne, ban taɓa riƙe sandar da sunan wasa ba. Ɗan yayata ne ya tsunduma ciki tun yana firamare, ni kuma na zama direbansa, ran Asabar in goya shi a mashin zuwa Murtala Square in zauna a inuwa ina kallon abin da da farko ban gane kansa ba. Yau da gobe har na san dokokin, na fara bin wasannin waje a waya, data na ƙarewa ina masifa. To daga nan nake magana.

Maganar abokin nawa ba shirme ba ce, a ba shi haƙƙinsa. A gudun mita 100 ko ɗaga ƙarfe ko tseren keke, ƙarfi da numfashi su ne komai, wanda ya ƙara wa jikinsa ko da kaɗan ne ya gama da kai. Kurket kuwa ido ne da hannu da lissafi. Ƙwallo ta taso maka da gudun kilomita 140 a awa, ko daƙiƙa ɗaya ba ka da ita da za ka yanke shawarar duka ko kaucewa, babu allurar da za ta koya maka wannan. Mai jifan murɗe kuwa yatsu ne da wayo, Shane Warne na Ostareliya da ya fi kowa suna a wannan fanni kowa ya san shi da sigari da cin kayan maiƙo, amma sau 708 ya fitar da mai dukan ƙwallo daga fili a manyan wasannin kwana biyar. Shi ya sa su kansu masu kurket suka daɗe suna ganin gwaji ba nasu ba ne. An kafa WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, a 1999, amma sai 2006 ICC mai kula da kurket ta sa hannu a dokokinta.

Inda na rabu da shi shi ne, shi kurket ɗin da yake hangowa na Turawan da ne masu fararen kaya da hular malafa. Je ka tsaya kusa da mai jifan gudu ka gani. Ya taho da gudu daga nesa, ya yi tsalle ya dira a ƙafa ɗaya, duk nauyin jikinsa ninki-ninki ya sauka a gwiwa da idon sawu, ya murɗa baya ya saki ƙwallo, ya koma ya sake, sau shida a jere kafin ya huta, kuma a wasan kwana biyar sai ya yi haka sama da sau 100 a yini guda, gobe ya tashi ya ɗora. Tsagewar ƙashin baya ciwonsu ne na gado. Ɗan yayan nawa ko shekara 16 bai kai ba amma ran da ya yi jifa da yawa da ƙyar yake sunkuyawa ya ɗaure takalmi. To a nan ƙwaya take da aiki. Ba za ta koya maka jifa ba, amma za ta sa ciwon da zai kwantar da kai wata uku ka tashi a wata ɗaya da rabi, ta sa jifanka na yamma ya zama kamar na safe alhali abokin hamayyarka ya laushi. Irin su nandrolone aikinsu kenan, gina tsoka da saurin farfaɗo da jiki.

Sannan ga kuɗi. Tun da aka ƙirƙiro T20 a Ingila a 2003, wasan awa uku a tashi, aka zo aka buɗe IPL a 2008, lissafin ya sauya gabaɗaya. Yanzu wanda ake rububi shi ne mai damtsen da zai ɗaga ƙwallo ta wuce fili ta faɗa cikin 'yan kallo, kuma a gwanjon 'yan wasa sai ka ji an sayi mutum ɗaya miliyoyin dala don wasan wata biyu. Daga nan ya wuce wata gasar a Karibiyan, daga can Ostareliya, daga can Dubai, shekara ta zagayo bai kwana gida ba. Mutumin da makonni shida na jinya za su raba shi da kwantiragin da zai riƙe danginsa har jikoki, ka ce ba zai yi sha'awar allura ba don wasansa na masu ladabi ne? Wasan da aka kama kyaftin irin Hansie Cronje na Afirka ta Kudu a 2000 yana karɓar kuɗin 'yan caca? Wanda ya sayar da wasa ai allura ba za ta ba shi kunya ba.

Kuma ba hasashe nake ba, an gani. A 2006 ana shirin fara gasar Champions Trophy a Indiya aka maido da Shoaib Akhtar da Mohammad Asif gida Pakistan, an sami nandrolone a jikinsu. Shoaib fa shi ne mai tarihin jifa mafi gudu da aka taɓa aunawa, kilomita 161.3 a awa, kuma mutum ne da gwiwoyinsa suka yi ta ba shi wahala. Aka yanke masa shekara 2, Asif shekara 1. Ba a yi nisa ba wani kwamitin ɗaukaka ƙara na gida ya soke hukuncin duka, wai ba a taɓa gargaɗinsu kan sinadaran ƙarin abinci ba. WADA ta kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Suwizalan, kotu ta ce ba ta da hurumi. Shikenan magana ta mutu. A 2008 aka sake samun Asif da abu ɗaya a IPL. Wannan labarin kaɗai ya isa ya nuna abin da ke faruwa in aka bar kowace ƙasa ta yi wa taurarinta alƙalanci, kura ce aka ba ajiyar nama.

To ni a wajena tambayar a yi gwaji ko kar a yi ta wuce. Abin da ya dame ni wani ne daban, kuma sai da na zauna na jera waɗanda aka kama sannan na gan shi sosai.

Warne, 2003, ana gobe-gobe za su fara kofin duniya, maganin sa fitsari, ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi don ya ɗan faɗa a fuska kafin ya fito a talabijin, aka dakatar da shi shekara 1. Yasir Shah na Pakistan, ya ce maganin hawan jinin matarsa ya sha bisa kuskure, wata 3. Zubayr Hamza na Afirka ta Kudu a 2022, maganin zuciyar babansa, wata 9. Yusuf Pathan da Prithvi Shaw na Indiya, dukkansu terbutaline, abin da ake samu a wasu magungunan tari, ɗaya wata 5 ɗaya wata 8. Mohammad Shahzad na Afganistan, maganin rage ƙiba, shekara 1. Uwa, mata, uba, kwalbar maganin tari. Ko dai 'yan kurket sun fi kowa iya ƙarya da sunan 'yan uwa, ko kuma ragar da aka kafa wa kura zomaye take kamawa. Ni ina ga duka biyun akwai. Na Warne misali har yau mutane na ɗaga gira, don a Disamban 2002 kafaɗarsa ta goce, sai ga shi ya warke da wuri fiye da zato, kuma dalilin da ya sa aka hana maganin sa fitsari tun asali shi ne yana tsinka fitsari ya ɓoye sawun wata ƙwayar. Ba a taɓa tabbatar da ya sha wani abu ba, Allah ne masani, mutumin ma ya rasu a 2022. Amma ka ga dalilin da ya sa hukuma ba ta karɓar "ban sani ba". Dokar ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ko da gangan ko da kuskure, uzurinka sai dai ya rage maka hukunci. In da za a karɓi uzuri kai tsaye da kowane mai laifi sai ya haifo inna mai ba da magani.

Na yarda da wannan a takarda. Amma bari in ba ku abin da na gani da idona.

Lokacin hunturun bara, hazo ya rufe gari, yaron nan namu mura ta kama shi da tari ana saura kwana biyu wasan da ya ƙwallafa rai a kai. Uwarsa ta ba shi kuɗi ya je kemis ɗin layinsu. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi, ka faɗi abin da ke damunka, mai kemis ya ɓallo wannan ya ɓallo wancan, ya zuba a 'yar farar leda ya ja layi biyu da biro, safe da dare. Babu kwali, babu suna. Ran wasan kocinsu ya ga yana jan hanci ya ce, kai me ka sha? Yaro ya zaro leda daga aljihu ya ce, Koci, ja ɗaya, fari biyu, sai wannan mai ruwan ɗorawa. Koci ya juya ledar ya juya, ya dube ni ya ce, Kawu, ka san sunansu? Na ce wallahi ko mai kemis ɗin sai ya yi tunani. Muka yi dariya aka wuce. Sai da na dawo gida abin ya tsaya min a rai, don Prithvi Shaw da yake wasa a ƙasar da hukumarta ta fi kowace hukumar kurket kuɗi a duniya, ga likitoci ga lambar waya ta tambaya, maganin tari ya kayar da shi. Ina ga namu?

Mu fa nan magani a bakin titi ake sayar da shi, a faranti, a bayan mota da lasifika. Ga haɗin gargajiya na basir da na ƙarfin jiki da ba wanda ya san me aka zuba a ciki, ga garin gina jiki da samarin gidan motsa jiki ke saye a gwangwani ba tabbacin na gaske ne. Ga tiramadol da leburori da 'yan acaɓa suka mayar kamar goro don kashe gajiya, wanda tun 1 ga Janairun 2024 WADA ta hana shi lokacin gasa. Maganin tari mai kodin kuwa sai da gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018 saboda yadda ya ci matasan Arewa. Yaron da ya tashi a cikin wannan, ranar da ya sa rigar ƙasa dokar da ke kan ɗan Ingila mai likitan kansa ita ce a kansa, harafi da harafi. Akwai takardar izini da ake nema in mutum yana da ciwo na gaske kamar asma, a ba shi dama ya sha abin da aka hana, amma sai ka san da ita tukuna, sai kuma ka sami likitan da ya san yadda ake cikawa.

Sai batun sanar da inda kake, wanda shi ma rigima ce mai zaman kanta. Mai dabara ba ya shan ƙwaya ranar wasa, lokacin hutu da jinya yake sha ya bari ta fita, shi ya sa gwajin da ke da amfani shi ne na ba-zata, a ƙwanƙwasa maka ƙofa da asuba. Don haka manyan 'yan wasa sai sun riƙa rubuta inda za a same su, in aka rasa ka ko ka ƙi cikawa sau uku cikin wata 12 laifi ne ko da jikinka tas yake. Andre Russell ɗan Jamaika a kan haka ya ci dakatarwar shekara 1 a 2017, ba a sami komai a jikinsa ba. 'Yan wasan Indiya kuwa a 2009 cewa suka yi ba za su yi ba, irin su Tendulkar da Dhoni da ke yawo da masu tsaro, suka ce sirrinsu ne kuma tsaronsu ne, hukumarsu BCCI ta goya musu baya, ita kuma ICC da ta san inda kuɗinta ke fitowa ta sassauta tsarin. BCCI ba ta yarda ta shiga ƙarƙashin hukumar gwajin ƙasarta ba sai 2019. Kun ga bambancin ai, mai ƙarfi ya ce ba ya so aka gyara masa doka. Mu kuwa in abin ya iso kanmu sai na tuna adireshin gidan yayata, bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai faci, gida na uku mai baƙin get. Ga rasuwa ta faɗo da daddare a wuce Zariya ko Birnin Gwari ba shiri, ga netwok.

Kuma kar a ɗauka ɗakin gwajin ma'asumi ne. Kusal Perera na Siri Lanka an dakatar da shi a Disamban 2015, ya rasa kofin duniya na T20 na 2016, sai a watan Mayu ICC ta janye tuhumar bayan ta bayyana sakamakon da ɗakin gwajin Katar ya fitar ba abin dogaro ba ne. Shi ya sami lauyoyi da masana da suka tsaya masa har aka wanke shi. Ɗan ƙasar da ko ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi babu, sai an ɗauki fitsari an kai waje, da wane kuɗi zai yi wannan shari'ar?

Maganar wiwi da hodar iblis kuma ni ban ma ga dalilin cusa ta kwando ɗaya da maguɗi ba. Ian Botham an dakatar da shi a 1986 don ya amsa yana shan wiwi, Alex Hales ya rasa gurbinsa a tawagar Ingila da ta ci kofin duniya na 2019 kan abin maye, ga Rabada. Duk cikinsu ba wanda abin ya ƙara wa iya wasa, wanda ya bugu ai ƙwallon ma biyu zai gani. Matsala ce ta tarbiyya da lafiya, kuma mu nan mun fi kowa sanin ɓarnarta, amma ba satar nasara ba ce. WADA ma ta gane, tun 2021 in ka nuna ba lokacin gasa ka sha ba kuma ba don wasa ba, wata 3 ne, in ka shiga shirin gyaran hali ya koma 1. Abokina ɗan gudu ya ce ai sassauci ya yi yawa. Na ce to kai da ka kama ɗanka da ita korarsa za ka yi daga gida ko asibiti za ka kai shi, bai ba ni amsa ba sai ya ce a ƙara masa madara.

Abin da ya sa duk wannan ba labarin nesa ba ne, kurket ta koma Olamfik. A Oktoban 2023 aka amince za a buga ta a Los Angeles a 2028, rabonta da can tun Paris 1900, kuma ba a shiga Olamfik da sharaɗin kai, dokar WADA ce dungurungum. Mu kuma muna tasowa, samarinmu 'yan ƙasa da 19 sun je kofin duniya a 2020, 'yan matanmu kuwa a Janairun 2025 a Malesiya suka doke New Zealand, abin da ko a mafarki ba mu zata ba. Duk inda ka fara cin manya ido zai dawo kanka, da kwalbar fitsari a hannu. Kuma mun riga mun sha kunyar nan sau ɗaya, a Olamfik ɗin Tokyo 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Najeriya aka hana shiga, ba don an kama su da komai ba, don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce ba kafin gasa. Sun yi atisaye shekaru, sun isa har can, sakacin ofis ya zaunar da su. A gasar dai aka cire Blessing Okagbare, ita kam an same ta da laifi na gaske, ta ci sama da shekara 10. Ƙasa ɗaya, gasa ɗaya, ga mai maguɗi ga kuma waɗanda rashin tsari ya cinye, kuma na biyun sun ninka na farko sau goma.

Akwai ma abin da ban ji kowa yana faɗa ba. Yadda ake ɗaukar samfurin, ba a ba ka kwalba ka shiga bayi ka rufo ƙofa, jami'i jinsinka zai bi ka ya tsaya yana kallo har ka cika mililita 90, don an sha kama masu musanya fitsari, sannan ka raba shi kwalba biyu da hannunka ka rufe. Ka ɗauki yarinyar da ta tashi a Tudun Wada ko Rigasa, wadda da ƙyar aka shawo kan babanta ya bar ta ta sa wandon wasa, ba wanda ya taɓa gaya mata haka ake yi, a tare ta a ƙasar waje bayan wasa a ce bismillah. In ta ƙi, a doka daidai take da wadda aka kama. Wannan ba ranar ya kamata ta fara ji ba, kuma ba daga bakin baƙo ba, mace 'yar uwarta ya kamata ta zaunar da ita tun a gida, ita da uwarta.

Na koma wajen kocin su yaron da wannan surutun nawa duka, ya saurara har na gama, ya ce Kawu, ni da nake roƙon ƙwallo da safar hannu ina zan samo likita. Gaskiyarsa. Amma Asabar ɗin da ta biyo na ga ya zo da littafi mai 40 lif, ya tara su a gindin bishiya kafin a fara, ya ce daga yau duk wanda ya sha magani ko na ciwon kai ne ya zo da kwalin ko ya sa mai kemis ya rubuta sunan a takarda, in ba haka ba benci. Wani ƙaramin cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, Koci, jiƙon da kakata ke ba ni fa, shi ba shi da kwali. Koci ya yi shiru yana kallon littafin, can ya ce rubuta jiƙon Kaka, sai mu ga abin da za a yi.